Matar aure za ta iya shiga cikin 'yan Dominikan?

Maman Biyu:
Salama 'yan'uwa. Don Allah ina da tambaya, ta daɗe tana ci min rai. Tun ina sakandare nake son zama sista, sai babanmu ya rasu kuma ni ce babba, ƙarshe dai aure na yi, yau shekara 11 ga yara biyu. Maigidana mutumin kirki ne ba ni da abin cewa, amma duk sanda na ga sistoci a Misa da fararen kayansu sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji. Ran Lahadi Fada ya ce akwai masu aure da ke bin tsarin Dominikan, ƙungiyar ibada ta Katolika da Waliyi Dominik ya kafa, suna gidajensu. Da gaske ne, ko kiran ya riga ya wuce ni?

Ɗan Gusau:
Da gaske ne 'yar'uwa, a da oda ta uku ake ce musu, wato reshen ƙungiyar na mabiya da ke zaune a gidajensu. Waliyiya Katarina ta Siyena da ta rasu a 1380 irinsu ce, a gidan iyayenta ta zauna ba gidan sistoci ba. Mu nan Dominikan ne suka fara riƙe daiosis ɗin Sakkwato, Bishop Dempsey da ya taɓa shugabantarsa ma nasu ne. Ba wa'adin ƙin aure za ki ɗauka ba, za a horar da ke wasu shekaru sannan ki yi alkawari, addu'ar safe da yamma, rosari, karatun Littafi Mai Tsarki, da zuwa taron ƙungiya. Faransiskan, wata ƙungiyar ibada irin Dominikan, su ma suna da tasu.

Tsohon Katikis:
'Yata, kira bai wuce ki ba, auren nan da kike ciki sakramenti ne. Iyayen Waliyiya Teresa ta Liziyo, Louis da Zelie Martin, kowannensu ya nemi shiga gidan ibada aka ƙi karɓarsa, suka yi aure suka haifi 9, mata 5 da suka rayu duk sistoci suka zama, kuma a 2015 Paparoma Francis ya sa su biyun cikin tsarkaka. Amma ki fara zama da maigidanki tukuna, kar ya tsinci maganar a bakin mutanen coci.

Uwar Zumunta:
Ni dai ki duba lokacinki. Ina Zumuntar Mata, ina kwaya ta mawaƙan coci, na so in ƙara wannan sai na ga yara na kwana ba a duba musu aikin makaranta ba, dole na ajiye kwaya. Yanzu ƙarfe 5 nake tashi, rosari na hannun hagu ina hura wutar koko da dama.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai. Baba Katikis, yau da dare in yara sun yi barci zan yi masa maganar, sai Lahadi in ga Fada bayan Misa.