Mu saka Starlink a ƙauyenmu na Mambila, ko akwai dabarar da ta fi?

Ɗan Hayin Donga:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman wurin waɗanda suka san harkar sadarwa ko suka taɓa aiki a saman tsauni.

Ni ne ma'ajin ƙungiyar 'yan garinmu mazauna Jalingo. Garin namu yana ƙaramar hukumar Sardauna, in ka baro Gembu sai ka tsallaka kogin Donga da kwalekwale, sannan ka ɗauki ɗan acaɓa. Mun jima muna karo-karo, kuɗi sun ɗan taru, sai matasanmu suka kawo shawarar a sayi Starlink, wato na'urar intanet mai kamawa ta tauraron ɗan'adam, da sola a kafa a shagon wani ɗan'uwanmu da ke bakin kasuwa. Dattawa suka ce kada a taɓa ko sisi sai na bincika.

Abin da ya sa maganar ta taso shi ne yanzu komai na gwamnati ya koma cikin waya. Tallafin nan na naira 25,000 sau uku da aka sanar a watan Oktoban 2023 don gidaje miliyan 15, an dakatar da shi a farkon 2024, da aka dawo da shi kuma sai aka ce sai wanda aka tantance da NIN ko BVN. Tun 2021 yaro ba ya rajistar JAMB sai da NIN. Tsofaffin ma'aikatan tarayya masu karɓar fansho na tsohon tsari su ma ana so su riƙa tabbatar da cewa suna raye ta intanet, da hoton fuska. Mu kuwa wutar lantarki ta ƙasa ba ta hau tsaunin ba, sabis kuma sai ka hau tudun bayan makarantar firamare, wajen bishiyoyin turare, ka ɗaga waya sama.

Ga misalin goggona. Tana da asusu, ni nake taimaka mata daga nan Jalingo. In zan yi mata wani abu, bankin yakan tura lambar sirri ta tes zuwa layinta, lambar kuma mintuna kaɗan take yi ta mutu. Sai mun sa lokaci da jikanta ya hau tudu da wayar. Ya hau, na danna, ya tsaya yana jira cikin sanyi, tes ɗin ba ya shigowa sai bayan lambar ta mutu. Ranar da ya shigo da wuri kuma, yana tsakiyar karanto mini lambar kiran ya yanke.

To, Starlink zai raba mu da wannan wahalar? In ba zai raba ba, a ina ya kamata mu sa kuɗin?

Mai Hawa Ƙarfe:

Wa alaikumus salam. Aikina ke nan, gyaran ƙarfen sabis, kuma na yi aiki a yankin Serti da saman tsauni. Amsa a gajarce: wannan matsalar ta goggo, Starlink ba zai magance ta ba.

Starlink intanet yake bayarwa ta Wi-Fi. Tes kuwa, da kiran waya na yau da kullum, da lambobin nan masu tauraro irin su *346# na duba NIN ko *565*0# na duba BVN, duk ta ƙarfen kamfanin layi suke bi. Kana iya zama a shagon nan kana kallon bidiyo ba yankewa, amma lambar banki tana can tana jiran layin goggo ya ga sabis. Ballantana ƙaramar waya mai maɓalli, wadda ita ce a hannun yawancin tsofaffinmu, ba ta ma san Wi-Fi ba. Abin da zai yi muku: tantance 'yan fansho ta hoto, cike fom, buga takardu, kiran WhatsApp, da na'urar POS mai kama Wi-Fi. Ba ƙaramin abu ba ne, amma ku san abin da kuke saya.

Dalilin rashin sabis a can ba nisa ba ne kawai. Tsaunin Mambila ya kai wajen mita 1,600 a tsaka-tsaki, kuma samansa ba shimfiɗe yake ba, tudu ne da kwari. Mutane suna zama a kwari saboda ruwa da gona da kariya daga iska, siginar waya kuma ba ta lanƙwasa ta bi bayan tudu. Shi ya sa kake samu a bayan firamare, ka sauko taku kaɗan ta ɓace. Su kansu ƙarafan da faranti suke magana da juna, dole wannan ya hango wancan. Sannan kowane ƙarfe da man gas yake aiki, man nan kuma sai tanka ta hau hawan Mayo-Selbe da shi. Kamfani yana lissafa wannan, ya lissafa mutanen da za su sa kati a ƙauyen, sai ya ga ba riba.

Abu biyu zan ce ku gwada kafin ku kashe manyan kuɗi. Na farko, wayar tebur mai cin layi, wadda ake haɗa wa eriya ta waje. A kafa doguwar sanda a gini mafi tudu a garin, a juya eriyar ta fuskanci inda sabis yake fitowa. Sau da yawa wannan kaɗai yana kawo sandar sabis biyu ko uku cikin ɗaki, sai a cire layin mutum a sa a ciki ya karɓi tes ɗinsa. Kada dai wani ya sayar muku da na'urar ƙara ƙarfin sabis ta kasuwa, hukumar NCC mai kula da sadarwa ta hana amfani da ita ba da izini ba, domin tana dagula wa maƙwabta layi.

Na biyu, akwai asusun USPF da dokar sadarwa ta 2003 ta kafa a ƙarƙashin NCC, aikinsa shi ne tallafa wa kai sabis inda kamfanoni ba sa ganin riba. Yanzu akwai ƙananan ƙarafa masu aiki da sola, masu haɗuwa ta tauraron ɗan'adam, ba ruwansu da gas ko hango wani ƙarfe. Ku rubuta takarda da sa hannun mai gari, da yawan jama'a, da ranar kasuwa, da makaranta da asibiti, ku bi ta hannun ɗan majalisarku na tarayya. Ba na ce gobe za a zo ba.

In kun nace sai Starlink, ku tuna damina a can doguwa ce, ga hazo da ke rufe rana har hantsi. Solar da ta ishi mutumin Jalingo ba za ta ishe ku ba, ku ƙara batir, ku sa maganin tsawa. Kuɗin wata kuma ba ya tsayawa: a 2024 naira 38,000 ne, suka nemi kai shi 75,000, NCC ta taka musu birki, daga baya dai ya ƙaru.

Na Nguroje Mai POS:

Injiniya ya faɗi gaskiya, amma ku bar ni in faɗi tawa. Ko an kafa ƙarfe a ƙofar gidan goggo, alat ba kuɗi ba ne. Ba za ta sayi gishiri da manja da tes ba, takarda take so a hannu. Takardar nan wa zai hau da ita?

Mu da muke wannan sana'a a sama, ciwon kanmu tsabar kuɗi ne. Bankunan da ke kan tsaunin ba su da yawa, kuma ba kullum suke ba ka abin da ka nema ba. Lokacin canjin kuɗi na farkon 2023 kowa ya ga abin da ya faru, mutum da kuɗinsa a asusu yana rancen kwanon masara. Ni yanzu rabin kuɗin da nake biyan mutane ba daga banki nake samu ba. Ranar kasuwa masu shago da masu sayar da shanu da wake suna tara tsaba, ba sa son kwana da ita ko bin hanya da ita. Sai su ba ni, in yi musu tiransifa, ni kuma in biya masu cirewa. Kuɗin garin ne yake juyawa a garin.

Saboda haka shawarata: ku ware wani abu ya zama jarin da yaro amintacce zai riƙa juyawa, ku sa ranar biyan tsofaffi ta zama ranar kasuwarku. In ba haka ba, tsohuwa za ta biya acaɓa zuwa da dawowa, ta biya kwalekwale, ta biya cajin POS, ta sayi abin da za ta ci a hanya. Ku lissafa abin da zai rage a 25,000 ɗin. Da damina ma in hanya ta lalace sai tsofaffin Landiroba, su kuma ba kullum suke tashi ba.

Wani abu kuma, inda sabis yake rawa nan ne ake yawan samun an cire kuɗi a asusu amma na'ura ta ce bai yi ba. Ɗan birni ya san zai jira a mayar masa. Tsohuwar ƙauye gani take ni na cinye. Duk wanda za ku ɗora ya riƙe littafi, ya rubuta rana da adadi, ya liƙa rasit.

Malamar Asibiti:

Sannunku da ƙoƙari. Na yi shekaru a ƙaramin asibiti a wani ƙauye kusa da iyakar Kamaru, inda sau da yawa sabis ɗin can ya fi namu kamawa. Duk kun yi maganar na'ura da kuɗi, ba wanda ya tambayi layin goggo sunan wa yake ɗauke da shi.

Mata da yawa da na sani, layin da ke hannunsu da NIN ɗin ɗa ko miji aka yi masa rajista, tun lokacin da aka tilasta haɗa layi da NIN daga ƙarshen 2020. Wata kuma ta ba da lamba lokacin da aka zo rubuta gidaje masu buƙata, daga baya wayar ta faɗa ruwa, layin ya yi watanni ba a taɓa shi ba, kamfani ya rufe ya sayar wa wani a wata jiha. Ga kuma saɓanin suna: a banki Aishatu Buba, a NIN Aisha Abubakar, ranar haihuwa kuwa kowane magatakarda da tasa ya ƙirƙira mata. Kwamfuta ba ta san duk mutum ɗaya ba ce. Wannan ya fi hana mutane haƙƙinsu a kan rashin sabis, kuma gyaran ranar haihuwa shi ya fi tsada da cin rai.

Da ni ce ku, kafin a sayi komai, sai a sa yara biyu masu ilimi, namiji da mace, su bi gida-gida da littafi: wa ke da NIN, wa ke da asusu, sunayen sun zo ɗaya, layin yana raye, a hannun wa yake. Macen dole ce, akwai gidan da namiji ba zai shiga ba. Su kasance masu jin Fulatanci da Mambilanci, domin tes da Turanci yake zuwa. Lambar sirrin kati kuwa kada a rubuta ta a littafin, kada kuma kowa ya riƙe wa tsohuwa katinta. Na ga jikan da ya san ranar shigowar kuɗi fiye da kakar tasa.

Batun shago kuma ban yarda ba, Malam ma'aji, ka yi haƙuri. Wace matar aure ce za ta je ta zauna a bakin kasuwa cikin samari tana jiran layi? In akwai asibiti a garin, a can ya kamata a kafa. Mata sun saba zuwa awo da rigakafi. Ma'aikaci zai tura rahoton wata ba sai ya hau babur da takardu a leda ba. Rajistar haihuwa ma tun Nuwamban 2023 aka ƙaddamar da ta kwamfuta. Mafi girma, in naƙuda ta zo da gardama da tsakar dare, a samu a kira mota ta jira a bakin kogi. Sai dai kada a jona komai a solar firjin rigakafi, nata nata ne.

Ɗalibi a Indiya:

Nan ma suna da ƙauyukan tsauni a jihohin Himachal Pradesh da Uttarakhand. Tun 2018 gidan waya ya buɗe banki, masinja yana yawo da waya da ƙaramar na'urar dangwala yatsa, ya biya tsoho fanshonsa a ƙofar gida. Ba tes, ba kati. Na ga kamar shi ya fi dacewa da mu. Kuma me zai hana a nemi jirage marasa matuƙi irin na Zipline, da suka fara kai jini asibitocin Ruwanda a 2016, har sun zo Kaduna?

Mai Hawa Ƙarfe:

Ƙanina, na'urar masinjan ma sai ta ga sabis take aiki, kuma yatsan manomi da fartanya ta cinye ba kullum take karanta shi ba. Amma ka yi gaskiya a abu ɗaya, ma'aikaci ne ya kamata ya bi mutane. Jirgin kuwa yarjejeniya ce da gwamnatin jiha, ta fi ƙarfin ƙungiyar gari.

Ɗan Hayin Donga:

Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarki ta sa na kira gida, ashe layin goggo da sunan babban ɗanta yake, shi kuma yana Yola. Zan kai wa dattawa haka: littafin gida-gida tukuna, sai gwajin wayar tebur a asibiti, jari kuma in an samu yaron da kowa ya yarda da shi. Matasa ba za su ji daɗi ba, sun riga sun sa rai da kallon ƙwallo. Injiniya, in an zo gwajin eriyar, layin kamfani ɗaya ya isa?

Mai Hawa Ƙarfe:

A'a, ku tafi da na kowane kamfani, gani ya kori ji. Ku gwada da safe, ku gwada da yamma, ku kuma gwada ranar da ake ruwa. Wanda ya tura tes ya dawo cikin minti ɗaya a duk lokutan nan, shi za ku riƙe.

Na Nguroje Mai POS:

Kada ku watsar da matasan. In Starlink ya zo daga baya, kuɗin kallon ƙwallo da cajin waya ne za su biya kuɗin watan, ba asibiti ba. Hajiya, sai ku daidaita, farantin Starlink ɗin a asibiti, a ja waya zuwa rumfar kallo in ba nisa.

Malamar Asibiti:

In dai rumfar ba jikin ɗakin haihuwa take ba, kuma makullin ɗakin batir yana hannun ma'aikacin asibiti, na yarda.