Ƙasar da na dasa barkono a bokiti ta ƙi shan ruwa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu lambu, daga wani ƙauye kusa da Ringim nake neman shawara. Barkono na dasa a tsofaffin bokitai. Tun shigowar zafin bazara ƙasar ta bushe ƙamas, ta tsattsage, har ta janye daga jikin bokitin. In na zuba ruwa sai ya bi gefe ya fice ta hujin ƙasa, in na tura yatsa tsakiya kuwa babu danshi. Ganyen ya yi yaushi, yana zubewa.

Wani dattijo ya ce in tsoma bokitin cikin baho mai ruwa har ƙasar ta jiƙa. Hakan ba zai ruɓar da saiwar ba? Ko in sassauta ƙasar in cakuɗa mata takin gargajiya? Ruwan rijiya nake ja, asararsa na damuna.