Kuros ɗin farfelar tsohuwar Land Rover: wa ya taɓa canzawa da hannunsa?

Mai tambaya: Salam 'yan uwa. Series 3 ce ta marigayi Baba, ƙirar 1978, na tashe ta bayan shekara shida tana kwance. To yanzu duk na sa giya na saki kuloci sai in ji ƙwal daga ƙasa, in na ɗan taka kuma kujera ta kama rawa har haƙorana. Na shiga ƙarƙashi na murɗa farfelar baya (sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksil) da hannu, kuros ɗin wajen aksil, wato gaɓar nan mai kai huɗu kowane da kofinsa, yana wasa, ga wata jar ƙura kamar garin bulo a bakin kofunan. So nake in yi da kaina. Wanda ya taɓa yi ya faɗa min abin da ya gani don Allah.

Direban Gembu: Jar ƙurar nan tsatsar allurai ce, siraran ƙarafan da ke cikin kofunan, ɗan uwa, giris ya ƙone tuntuni. Amma kafin ka taɓa sifana SA DUTSE A TAYA. Hambirkin motar nan ba a tayoyi yake ba, a bayan giyabos yake, farfelar ce ke kai riƙonsa baya, kana cire ta motar ta zama sakakkiya. Ni a gangare na koyi wannan karatun, ina kwance a ƙasa na ga aksil yana tafiya a kaina, yaron motata ne ya cusa guntun icce Allah ya taƙaita.

Tsohon bakanike: Yaro, notin 9/16 ne, kar ka sa sifana 14 da ta gaji ta cinye maka kai. Ka zana layi da fenti a farfelar kafin ka raba ta, don kunnuwan da ke riƙe kuros, na gaba da na baya, dole su koma a layi ɗaya. Sannan kar ka sayi kuros da baki, akwai mai 75 akwai mai 82 milimita, ɗauki tsohon ka tafi da shi.

Mai tambaya: Na gode Baba. Bayis ɗin matse kofunan fa ba ni da shi, guduma za ta yi?

Wani daga Kaduna: Wajen fitarwa za ta yi, cire kilif huɗun da ke tare kofunan ka ɗora kunnen a kan babban soket ka doki kofin da ƙarami. Wajen mayarwa ne na ci wuya wallahi. Kofi uku sun zauna lafiya, na huɗu ya tsaya saura ɗan kaɗan ramin kilif ya bayyana, sai na ce ai ƙarfi yake so, na ba shi guduma uku masu kyau sai ji na yi ƙas, gindin kofin ya tsage. Da na zaro ashe allura ɗaya ce ta kwanta a ƙasan kofin, ita ce ta tokare. Sabon kuros ko kwalta bai gani ba ya tafi bola, haka na koma Panteka da rana tsaka na sayo wani.

Tsohon bakanike: Shi ya sa nake cika kofi da giris da yatsa tukun, ya riƙe alluran a tsaye, in tura kuros ɗin cikin kofin sannan in matsa. In kilif ya ƙi shiga fito da shi ka duba kawai. Je ka ari bayis wajen mai walda, minti goma ne. Bakin giris kuma ka juya shi ya kalli jikin farfela, in ba haka ba gan ɗin ɗura giris ba zai kai gare shi ba.

Direban Gembu: Kuma in kuros ɗin baya ya tsinke maka a hanya kar ka nemi ja. Kwance farfelar baya ka jefa a bodi, danna kan libar nan mai ruwan ɗorawa ƙasa, mai sa fowil, tayoyin gaba su ja ka a hankali. Na yi haka da buhun masara takwas a baya.

Mai tambaya: Alhamdulillah na gama jiya. Ya ɗan yi tauri bayan kilif, na ƙwanƙwasa kunnen sau biyu ya saki. Ƙwal ɗin ya tafi, rawar ta ragu amma ba ta ƙare ba, ina zargin kuros ɗin gaba ne. Asabar zan kwance shi, dutsen yana nan a taya.