Rubutun Word ya yi mini ƙanana, a taimaka da shawara

Abban Sadiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni nake buga wa Islamiyyarmu takardu a wani ƙauye kusa da Ringim. Tsohuwar kwamfutata ta mutu da damina, sai ƙanina ya aiko mini da wata ta hannu daga Kano, Allah ya saka masa. Caji sai na kai shagon mai sola, aikin kuma sai dare in na dawo daga gona. To ita wannan, komai na cikinta ƙanana ne kamar ƙwayar gero, har idona ruwa yake. Na mayar da lambar girman rubutun 20 a Word, manhajar da nake rubutu da ita, don in gani, takardun jarrabawa suka ninka, shugaban makaranta ya yi ta faɗa kan kuɗin bugawa. Ga jarrabawa ta matso.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, abu biyu ka haɗa. Lambar girman rubutu ita ce ke fita a takarda, mayar da ita 12. Don idonka kuwa, danne Ctrl ka murza tayar maus, ko ka ja 'yar sandar da ke ƙasa ta hannun dama zuwa 150%. Wannan ba ruwansa da firinta.

Abban Sadiya: Ba ni da maus. Sandar kuma na ja ta tun tuni, takardar ce kawai ta girma, rubutun sama inda ake zaɓen abubuwa yana nan yadda yake.

Maman Ummi: Ni ma haka wani shago a garinmu suka ɓata mini takardar neman aiki, duk inda ƙ da ɗ suke sai ɗan akwati ya fito. Kuma kuɗina ba su dawo da shi ba.

Ɗan Gumel: Ka rage rezolushan (yawan ɗigon hoton allon kwamfutar) kawai, komai zai kumbura.

Injiniya: Kar ka soma! Dishi-dishi zai koma. Rubutun sama ba daga Word ake gyara shi ba, daga Windows ne. Shiga Settings, System, Display, ka mayar da Scale 125% ko 150%. Wace Windows ce a kai, 10 ko 11? Maman Ummi, naki salon rubutun ne ba ya ɗauke da haruffa masu lanƙwasa.

Baba Alhaji: Yaro, je a duba maka ido. In mutum ya haura arba'in ganin kusa yakan ragu.

Abban Sadiya: Baba, idona lafiya lau, ba gilashi nake tilawa. Injiniya, ƙanina ya ja mini kunne kar in taɓa saitin, in ta rikice ba mai gyara a nan sai an je Dutse ko Kano. Shi ya sa na ga ƙara lambar ya fi sauƙi. Ba wata hanya a cikin Word ɗin kansa?

Injiniya: Ka dai faɗa mini wace Windows ce tukuna.