Murtala da Angola: aƙida ce ko lissafi?

Malamin_SS2:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da darasin Gwamnati a wata sakandare a Funtua, kuma ranar Alhamis wata ɗaliba ta ƙure ni a aji. Muna kan hulɗar Najeriya da ƙasashen waje, na rubuta musu abin da manhaja ta ce a allo: Afirka ce ginshiƙi, ba ma bin Gabas, ba ma bin Yamma. Sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in manufar ɗaya ce tun 1960, ya aka yi Tafawa Ɓalewa ya ƙulla yarjejeniyar tsaro da Ingila, shi kuma Murtala ya kalli shugaban Amurka ya faɗa masa baƙar magana? Ƙasar ce ta canza ko mutanen?" Wallahi ƙararrawa ce ta cece ni. Na ce mata sai Litinin.

Ga iya abin da ke hannuna. Fotugal ta bar Angola ranar 11 ga Nuwamba 1975, ƙungiyoyi uku na faɗa kan kujera: MPLA ta Agostinho Neto wadda Tarayyar Sobiyet da Kyuba ke mara wa baya, sai FNLA ta Holden Roberto da UNITA ta Jonas Savimbi waɗanda Amurka ke taimako. Da farko Najeriya cewa take su haɗu su kafa gwamnati ɗaya. Kwatsam ranar 25 ga Nuwamba sai ta ce MPLA ce gwamnati, har ta ba ta dala miliyan 20. Shugaba Ford na Amurka ya aiko wa shugabannin Afirka wasiƙa kan Angola, gwamnatin Murtala ta miƙa wa jaridu ita, haɗe da amsa mai zafi.

Inda kaina ya ɗaure: Murtala ɗan Kano ne, ya yi Barewa, ya yi makarantar soja ta Sandhurst a Ingila. Ba ɗan gurguzu ba ne ko kusa. To me ya kai shi ɓangaren da 'yan gurguzu suke? Aƙida ce, zafin kai ne, ko lissafi? Ba na so in koma aji in ce wa yarinya "haka yake a littafi".

Tsohon_Samaru:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ka riƙe ta da kyau.

Ina shekara ta biyu a jami'a a Samaru lokacin. New Nigerian kwafi ɗaya muke saye a ɗakinmu, kafin la'asar ta zagaya ɗaki huɗu ta dawo da tabon manja. Ka bar abu ɗaya a labarinka, kuma shi ne kan maganar: a Oktoba 1975 sojojin Afirka ta Kudu sun tsallako Angola daga Namibiya, suna yaƙi a ɓangaren UNITA da FNLA. Daga ranar da wannan ya tabbata, zancen sulhu ya mutu a Legas. Ba wanda ke tambayar waye Marx, uban gurguzu. Tambayar ita ce, wa ke tare da 'yan wariyar launin fata? Duk wanda suke yaƙa, namu ne. Aƙida kam akwai ta, amma ba gurguzu ba ce. Kishin baƙar fata ne, da ƙin a aiko mana umarni daga waje kamar har yanzu D.O. na gari.

Sai dai kada a zalunci Ɓalewa, ɗana. Shi ma ya kori jakadan Faransa a Janairu 1961 saboda gwajin bam ɗin nukiliya da suke yi a Sahara, kuma yana cikin waɗanda suka matsa har Afirka ta Kudu ta fice daga Commonwealth a shekarar. Yarjejeniyar tsaron ma an soke ta a Janairu 1962 bayan ɗalibai sun tayar da ƙura. Bambancinsu, Ɓalewa malamin makaranta ne mai jin cewa Turawan Ingila abokan tafiya ne, yana kuma kaffa-kaffa da Rasha da su Nkrumah. Sannan baitulmalinsa gyaɗa ce da koko, kasuwarsu kuma a Turai take. Murtala ya zo bayan farashin mai ya ninka har huɗu tsakanin 1973 da 1974, Amurka kuma na cikin manyan masu sayen man namu. Wanda rumbunsa ke cike muryarsa daban take.

DanKwari77:
Baba, da girmanka, amma ni dai aƙidar gwamnati riga ce, ana sa ta ne in za a fita. A 1967 da yaƙin basasa ya ɓarke, Amurka ta ƙi sayar mana da makamai, Ingila ta hana jiragen yaƙi. Gowon, ɗan mai wa'azin coci, shi ma ɗan Sandhurst, ina ya nufa? Mosko. Jiragen MiG muka kwaso. Wace aƙida ce a nan?

A Angolar ma ku duba da kyau. Chaina ta Mao, wadda ta fi kowa kirarin gurguzu, FNLA ta horar, wato layi ɗaya da Amurka, don kawai ta ƙuntata wa Rasha. A Cabinda kuwa, yankin mai na Angola, sojojin Kyuba ne ke gadin rijiyoyin kamfanin Gulf Oil na Amurka, kuɗin man kuma na shiga aljihun gwamnatin da Amurka ke yaƙa. Malam, ka gaya wa ɗalibarka kasuwa ce, kowa ribarsa yake nema.

Hajiya_Maradi:
DanKwari, in kasuwa ce to mu nan an yi cinikin faɗuwa, kuma da gangan aka yi shi. Ni atamfa da kayan kicin nake ɗaukowa daga Kano ta Jibiya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO (ECOWAS) ta rufe iyaka, Najeriya ta yanke mana wuta. Kayana sun yi makonni a ɗakin ajiya a Katsina, na ƙare da biyan 'yan babur su bi da su ta daji, kwali bibbiyu. Kowane mai lissafi zai ce wa sojoji su sassauta. Ba su sassauta ba. Sun kori sojojin Faransa, na ƙarshe suka fita a Disamba 2023, suka sallami Amurkawa daga sansanin Agadas a 2024, suka bar CEDEAO tare da Mali da Burkina. Taken da ake ji ko'ina shi ne "zancen ƙasa ne". Za ka iya cewa kujera suke karewa, ban musa ba. Amma mutanen da suka kwana a bakin sansanin Faransa a Yamai ba kujera gare su ba, haushin shekara sittin ne ya fito da su.

Inda na yarda da kai: bututun man da Chaina ta shimfiɗa daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin ba wanda ya ce a tone shi. Ta ɓangarenku ma, Tinubu ya yi ta maganar kare dimokuraɗiyya, amma da aka zo batun tura sojoji, sanatocin Arewa suka ce ba za a yaƙi dangi ba. Kakata 'yar Daura ce, ni dai na san ta wane gefe wannan ya fito.

Malamin_SS2:
Na gode ƙwarai. Baba, shigar Afirka ta Kudu ita ce guntun da ya ɓace mini. Ga abin da zan yi ranar Litinin: zan shiga da takardar naira ashirin mai hoton Murtala, in raba ajin gida biyu. Rabi su zama masu ba shi shawara da ke cewa kada mu ɓata da mai sayen manmu, rabi su ce ba ma zama inuwa ɗaya da Afirka ta Kudu. Ita yarinyar zan ɗora a kujerar shugaba, in ga yadda za ta yanke. Hujjar DanKwari ta Cabinda zan ɓoye ta sai sun gama, in jefa musu. Daga nan in karanta musu jawabin Murtala na Addis Ababa na 11 ga Janairu 1976, inda ya ce Afirka ta kai munzalin girma, ya juya taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka (OAU) gaba ɗaya.

Tsohon_Samaru:
A'a Malam, gyara wannan na ƙarshen kafin ka shiga aji, yarinyar nan za ta kama ka. Jawabin bai juya taron ba. Ƙuri'ar amincewa da MPLA ta tsaya 22 da 22, aka watse ba matsaya. Sai a Fabrairu, bayan MPLA da Kyubawa sun yi galaba a fagen daga, OAU ta karɓi gwamnatin Neto. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar Juma'a 13 ga wata, aka harbe Murtala a cunkoson motoci a Legas, muna shirin fita lacca muka ji a rediyo. Obasanjo ya ɗora a kan layin, har ya ƙwace kadarorin kamfanin man Ingila BP a 1979 kan batun Rodeshiya (Zimbabuwe a yau) da Afirka ta Kudu. Amurka kuwa ba ta amince da gwamnatin MPLA ba sai 1993.

Ka dawo ka faɗa mana yadda ta yanke.