Wai da gaske akwai na'urar da ke jin kukan shuka kafin ganye ya canza?

Mai_Latas_Aboabo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan lambu a bakin rafi wajen Gyinyase a Kumasi, latas da kabeji da ɗan tumatir. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne ba na sanin shuka ta kamu sai ganye ya yi rawaya ko ya lanƙwashe, lokacin kuma an riga an makara, sai ka yi ta feshi kuɗi na ta tafiya a banza. Bara haka na rasa kusan rabin tumatir ɗina. Ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'ar KNUST ya ce min wai an ƙera wani abu da ake sawa cikin ganye, shuka da kanta ta sanar da kai tana shan wahala. Na ce kai yaro ka raina ni ko? Don Allah masu ilimi, gaskiya ne ko tatsuniya?

Abu_Asawase:
Wa alaikumus salam Alhaji. Yaron bai yi maka ƙarya ba. Shuka ba ta da baki amma tana da hanyar aika saƙo a cikin jikinta. Da tsutsa ta ciji ganye ko rana ta yi masa yawa, cikin 'yan mintuna zai fara fitar da haidurojin farokisaid, wannan dai ruwan da ake zubawa a ciwo yana kumfa, da shi wurin da aka ji wa rauni yake faɗa wa sauran ganyen su shirya. Toh a jami'ar MIT ta Amurka akwai wani farfesa Michael Strano, shi da mutanensa suka yi sensa, wato abin gano sinadari, da wasu siraran bututun kabon waɗanda ido ba ya gani sam, ana narka su a ruwa a tura ta bayan ganye su shiga ta 'yan ƙofofin da ganyen ke numfashi su zauna a ciki, in sinadarin ya taɓa su sai hasken infirared da suke bayarwa (wani haske ne da ido ba ya gani) ya canza, kyamara ta ɗauka. A 2020 suka fitar da aikin, har da latas da alayyahu cikin abin da suka gwada.

Amma ni wanda ya fi burge ni na 2024 ne, da suka yi tare da abokan aikinsu na Singafo. Sun ƙara sensa ta biyu mai gano salisilik asid, ɗan uwan asfirin, wanda shi ma shuka ce ke fitar da shi in tana shan wahala. Suka gwada a wani ganyen miya na 'yan Sin da zafi da haske mai ƙarfi da cizon ƙwaro da ƙwayar cuta. Zafi da haske da cuta duk sun sa asid ɗin ya tashi cikin awa 2, kowanne da nasa lokacin, cizon ƙwaro kuwa bai tayar da shi ba. Ka ga ke nan za ka iya sanin ko inuwa shukar ke so ko magani, maimakon feshin kan mai uwa da wabi.

Hajiya_Tumatir:
Malam Abu turancinka ya yi daɗi, amma fa mu nan har yanzu motoci ke zuwa Burkina ɗauko mana tumatir alhali ga Akumadan, garin noman tumatir, a ƙofarmu. Manomin da kuɗin taki ke gagararsa shi zai sayi kyamarar infirared? Kowane ganye za a bi ana ɗura masa? Haba.

Abu_Asawase:
Hajiya kin yi gaskiya, abin yana ɗakin gwaji ne tukuna, ba a shagon kayan noma ba. Amma ba kowane ganye ba, 'yan tsiraru ake zaɓa su zama kamar masu gadin gonar. Kyamarar ma da ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi suka haɗa ta.

Dan_Koko_Tafo:
Ni tunanina ya tafi kan koko ne wlh. Cutar kumburin reshe takan daɗe a jikin bishiya ba alama, kafin ka ankara ta bi maƙwabta, kuma maganinta sara ne kawai. Irin wannan wurin ne ganowa da wuri zai yi rana. Akwai ma wani salon da ba a tura komai ciki, a jami'ar jihar North Carolina sun yi ɗan faci kamar filasta da ake mannawa a ganyen tumatir yana shinshina iskar da ganye ke fitarwa in ya kamu. Kuma mutanen Strano ɗin sun yi sensar gano gubar asenik da shuka ke zuƙa daga ƙasa, wannan kam da galamse, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, ya ɓata mana ruwa ai mu muka fi kowa buƙata.

Mai_Latas_Aboabo:
Ikon Allah, ashe sai na ba yaron nan haƙuri. Na gode Malam Abu. Kafin abin ya iso Kumasi dai gobe da sassafe zan tsinki ganyen kabejin nan in tafi da su Fumesua wajen masu binciken amfanin gona, ko akwai mai zuwa wajen Ejisu ya rage min hanya?