Neman kalmar Hausa: "shared parenting", kafin ƙarfe shida

Rabi'atu: Assalamu alaikum malamaina. Ina da rahoton da zai shiga labaran ƙarfe shida, kan ƙudurorin doka da ake kaiwa majalisun jihohin Amurka. Abin da suke nema shi ne idan aure ya mutu, alƙali ya fara da ɗaukar cewa yaro zai raba lokacinsa daidai tsakanin uwa da uba, sai in an kawo hujjar da ta hana, kamar duka ko cin zarafi. Kentucky ce ta fara a 2018, Arkansas ta bi a 2021, Florida a 2023. Na rubuta "rabon kwana", edita ya soke. Me zan sa?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Edita ya yi daidai, duk wanda ya ji rabon kwana kishiyoyi zai tuna. Ki sa "riƙon haɗin gwiwa".

Barista Hauwa: Malam, a yi hattara. Abu biyu ne. Akwai ikon yanke shawara kan makarantar yaro da lafiyarsa da addininsa, akwai kuma gidan da yake kwana. Haɗin gwiwa na farkon ya fi kamawa, ƙudurorin nan kuwa maganar kwanaki suke. A Ostireliya, kan haɗa ɗawainiyar yanke shawara dokar 2006 ta yi magana, amma iyaye da yawa suka fahimta kamar an ba su haƙƙin rabi da rabi, har aka cire wannan sashe, gyaran ya fara aiki a watan Mayun 2024. Ni "riƙon karɓa-karɓa" nake gani. Mako guda nan, mako guda can, ranar Juma'a yaro ya ɗauki jakar makarantarsa da buroshin haƙorinsa ya koma ɗaya gidan.

Baba Ɗanjuma: Duk kun tsawaita. Hausa tana da kayan aikinta. So, soyayya. Ƙi, ƙiyayya. Ja, jayayya. To riƙo, riƙayya! Kalma ɗaya tak. Na daɗe ina faɗa a daina jera mana jimla a matsayin suna.

Malam Sani: Baba, a gafarce ni. Soyayya mutum biyu ne ke son juna. Riƙayya kenan iyayen ne ke riƙe juna, yaron fa?

Ustaz Kabiru: Me ya kai mu ƙirƙira? Fiƙihu ya riga ya ba mu hadana, wato riƙon yaro da renonsa. A ce "hadanar tarayya".

Baba Ɗanjuma: Ga shi nan! Da Hausa ta buɗe baki sai a ruga aro. Jayayya ai a kan abu ake yi, ba juna ake ja ba. Don dai ba daga jami'a ko gidan rediyon waje riƙayya ta fito ba shi ya sa ake raina ta.

Ustaz Kabiru: Baba, alƙali da shari'a da hukunci duk daga Larabci suka zo, kuma ba wanda ya ce ba Hausa ba ne.

Barista Hauwa: Ustaz, hadana tana da nata tsari na wanda ya fi cancanta, uwa a gaba. In aka ɗora ta kan dokar Kentucky mai sauraro zai zaci hukuncin addini ake ba shi.

Rabi'atu: Saura minti arba'in, don Allah. Zan sa "riƙon karɓa-karɓa tsakanin uwa da uba", in bi shi da jimla guda ta bayani. Amma wannan ɗauka ta farko da alƙali zai yi, wadda hujja ke iya rushewa, yaya zan kira ta?

Barista Hauwa: Ki bayyana ta yadda kika yi a sama, ƙanwata. Sunanta sai mun zauna.

Malam Sani: Karɓa-karɓa na ƙanshin siyasa, amma na yarda na yau.

Baba Ɗanjuma: Ki sa, 'yata, tunda lokaci ya ƙure. Amma ban janye riƙayya ba, gobe zan kawo misalai goma.